Garin su Hajiyarmu da kaka: mota, babur, jirgin fito, sannan ƙafa

Hajiyarmu ce ta tasa ni a gaba. Tun ranar da aka bugo mata waya aka ce yayanta ba ya jin daɗi, ƙafa ta kumbura har ya daina fita masallaci, kullum na shiga gaishe ta maganar ɗaya ce, yaushe za ka je ka dubo min Yaya. Ita gwiwa ta hana ta doguwar tafiya, ni kuma rabona da garin tun ina aji huɗu a firamare, lokacin da aka kai mu bikin babbar 'yar Kawun. Abin da na riƙe na wancan zuwan shi ne a bayan akori-kura muka shiga har ƙofar gida, ƙura ta yi mana buɗu-buɗu ana ta yi mana dariya wai 'yan birni sun zama fatalwa. Shi ya sa da ta ce in ɗauki kayan sawa na kwana biyu sai na ce haba Hajiya, Haɗeja ce fa ba Maiduguri ba, sammako zan yi in dawo da daddare. Ta kalle ni kawai ta ce to Allah ya kai mu. Kwana uku na yi.

Sunan garin ba zai amfane ku da komai ba, ko a taswirar waya ba ya fitowa, na gwada. Yana gabas da Haɗeja, can cikin fadamar da ta shimfiɗu ta wajen Kirikasamma da Guri har ta dangana da Nguru. Ƙarshen watan Oktoba ne na 2024, satin nan da mafi yawan Arewa ta zauna a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, ga fetur ya haura naira 1,000 lita, kowa a wuye yake. Na isa tashar 'Yankaba bayan asuba wayata da caji kaɗan, na samu Sharon tana lodi, na biya dubu shida ina ƙunƙuni, ɗan kamasho ya ce Malam in ka san inda ake sayar da mai da araha ka nuna mana. Mutum biyu a gaba, huɗu a tsakiya, ni aka cusa ni can baya tare da wani dattijo da buhun takinsa. Sai wajen takwas muka tashi dan wai saura mutum ɗaya, mutum ɗayan nan da ba ya taɓa zuwa da wuri a kowace tasha a ƙasar nan.

Hanya ba laifi, mun wuce Gezawa ana ta hirar tsadar rayuwa, amma da muka doshi Majiya motar ta yi tsit. Sati biyu ke nan da tankar mai ta faɗi a wurin cikin dare ranar 15 ga wata, mutane suka fito kwasar fetur wuta ta tashi, waɗanda suka rasu daga baya aka ce sun haura 200. Ƙasar gefen titi baƙa ƙirin, itatuwa sun ƙone. Direba ya rage gudu ba wanda ya ce masa ya rage, dattijon da ke kusa da ni ya ɗaga hannu muka shafa fatiha. Daga nan ba a sake wata hira mai daɗi ba har Gujungu.

Azahar ta yi mana a Haɗeja. Na yi salla, na ci shinkafa da wake da soyayyen kifi, dan in ka je Haɗeja ba ka ci kifi ba ka yi asarar kuɗin mota, sannan na fara tambayar motar garin su Kawu. Nan aka fara kallona. Wani ya ce mota kuma? yanzu? Wani ya ce sai dai ranar kasuwa, ita ma bakin ruwa take tsayawa. A ƙarshe aka sa ni a wata tsohuwar Golf da za ta sauke ni a wani gari na bakin kwalta, aka ce in na sauka in nemi 'yan acaɓa a gindin dalbejiya, su suka san yadda ake ciki yau. Kalmar yau ɗin nan ban gane nauyinta ba sai daga baya. Ashe hanyar ba guda ɗaya ba ce da za a kwatanta maka, kullum ruwa ne yake faɗin inda za a bi.

Mu a Kano tun 2013 aka hana acaɓa, na ma manta yadda ake zama a bayan babur da kaya. Yaron da ya ɗauke ni bai fi shekara ashirin ba, Boxer ce da shi ya ɗaure mata jarka a gefe. Ya ce dubu uku. Na ce kai ɗan samari ka ji tsoron Allah, daga Kano fa dubu shida na biya. Ya ce Yallaɓai daga Kano kwalta ka biyo, nan kuwa in na kai ka sai na wanke babur na sake juye, kuma da wuya in samu wanda zan ɗauko a dawowa. Ban ƙara magana ba, kuma da muka yi nisa na gane bai cuce ni ba. Farko yashi ne, irin jigawar nan da jihar ta samo sunanta daga gare ta, babur na ta wutsil-wutsil yana saukar da ƙafa, sai kuma mu gangara cikin laka baƙa mai danƙo, sai mu hau kan kunyar gonar shinkafa wadda faɗinta bai fi taku ɗaya ba, dama ruwa hagu ruwa, ni dai na riƙe ƙarfen baya ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sau uku ina sauka ina turawa. Takalmina sau ciki da na saka dan a ga ɗan birni, a nan ya gama aiki.

Amma wurin da kyau wallahi. Shinkafa ta nuna ta yi ruwan zinare iya ganinka, yara a kan rumfuna suna kaɗa gwangwani suna ihu suna korar tsuntsayen jan baki, belbela fari fat a bayan shanu, ga goruba tsaye jefi-jefi. Kirinjijiya suka tashi garke guda suna wannan fito nasu. Ina cikin kallon ne yaron ya taka birki ya ce to Yallaɓai iyakata ke nan.

Gabanmu ruwa ne, amma ba irin kogin da kake hango ɗaya gaɓar ba. Ciyawa ce doguwa ta fi tsayin mutum, kore shar, ta tsaya kamar katanga, sai wata 'yar kafa a tsakiya da ruwa ya bi ta ciki. Ita ce kacala. Na tambayi yaron ina hanyar motar da na sani, ya nuna min tsakiyar ciyawar da baki ya ce an ce da can ta nan take, shi bai taɓa ganinta ba.

Na zauna a gindin wata giyayya ina jiran mai fito, ni da wata mata da goyo da wani Bafulatani da ya ɗauro buhun dusa a keke. Mun fi awa ɗaya. Babu lambar da za ka kira, babu lokacin tashi, in ya ji ihu daga can ya zo, in yana gona sai ya gama. Bafulatanin ne ya riƙa kwaɗa kira har muka ji an amsa daga cikin ciyawa.

Mai fiton dattijo ne baƙi siriri, Hausarsa da ɗan karin Barebari, jirginsa na katako an toshe wasu wurare da tsumma da kwalta, akwai wani yankakken galan da ake kwarfe ruwa da shi wanda ya miƙo min ba tare da ya tambaye ni ko na iya ba. Rigar ruwa kam kar ma ka tambaya. Ba ya tuƙi da filafili sai doguwar gora da yake dogarawa a ƙasa yana turawa. Da na faɗa masa gidan da za ni sai ya dube ni da kyau ya ce kai ɗan wance ne da aka kai Kano? Ya faɗi sunan Hajiyarmu na yarinta wanda ni kaina sau biyu na taɓa jin an kira ta da shi. Shi ke nan hira ta ɓarke.

Shi ya ba ni labarin ruwan, kuma abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da na taɓa karantawa. Da can kogin Haɗeja na damina ne, ya cika ya malala fadama, da rani ya ja baya ya bar ƙasa a bushe a yi noman rani, shanu su yi kiwo, motoci su wuce. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka zo aka ƙara na Challawa a 1992, sai ya zama ana sako ruwa har da rani, ƙasa ba ta samun bushewa, ita kuma kacala abin da take so ke nan. Ta cika hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, tsofaffin rassan kogin irin su Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya fi bin ta Marma, sai ka ga wani gari gonakinsa sun nutse shekara da shekaru wani garin kuma can ƙasa yana kukan ruwa bai iso ba. Shi dai bai kawo shekaru ba, cewa ya yi tun zamanin da aka ɗaure ruwa a Kano. Ya ce suna yin gayya su shiga da lauje da adda su buɗe kafa, wata biyu ta sake rufewa, ga jan baki a cikinta suke kwana su wayi gari a gonar mutum, ga sauro. Mu 'yan Kano da muke buɗe famfo, in ya ga dama ya kawo, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa ruwan Tiga yana da wani bashi a kan mutanen nan ba.

Minti arba'in muka yi a cikin wannan lungu na ciyawa, ba ka ganin komai sai sama. Inda jirgin ya tsaya ma ba tudu ba ne, ruwa ne iya gwiwa, na naɗe wando na ɗora jaka a ka na bi bayan matar nan mai goyo wadda ko waiwaye ba ta yi. Ana kiran magariba na shiga garin.

Kawu na kwance a zaure kan tabarmar kaba. Ya rame ƙwarai amma bakin nan yana nan, yana ganina ya ce a'a, ɗan gidan ƙanwata, ashe kuna tunawa da mu, ko hanya ce ta ɓace maka ka faɗo nan? Na durƙusa na gaishe shi na isar da saƙon Hajiya, ya yi shiru ya share ido da gefen rawani. Inna, uwargidansa, ta kawo min tuwon shinkafa miyar kuka da bandar tarwaɗa wadda har yau in na tuna sai na haɗiyi yawu. Da nake ba su labarin yadda Kano ta kwana bakwai ba wuta, masu ƙanƙara da masu walda sun tsaya cak, sai samarin da suka zo gaishe ni suka fashe da dariya, ɗaya ya ce Yaya ai mu ba a ɗauke mana ba. Ko turken wuta ɗaya babu a garin. Faranti biyu na sola ne a shagon wani yaro, nan kowa ke cajin waya, sabis kuma sai ka hau wani tudu bayan makabarta ka ɗaga hannu sama.

Da safe na zaga gari, kuma a nan ne tambayar da ta sa na rubuta wannan abin ta shigo min. Garin da na sani ina yaro ya fi wannan cika. Yanzu sai ka wuce gida biyu da hayaƙi na uku kango, danga ta faɗi, tunkiya na kwance a inda da ɗakin amarya ne. Na ƙirga da kaina dan kar in yi ƙarya, gida arba'in da ɗaya ne da mutane a ciki, kango goma sha bakwai. To mutum nawa ke nan? Na ɗauka tambaya ce mai sauƙi.

Inna na fara tambaya, na ce Inna ku nawa ne a gidan nan? Ta ce kai rufa mana asiri, ana ƙirga mutane ne kamar awaki? Da na matsa ta fara lissafa 'ya'yanta sai na lura ta tsallake babban, ɗan fari, shi ba ta kama sunansa balle ta saka shi a lissafi. Na ce a raina to ga mutum ɗaya ya ɓace tun ba a fita daga gida ɗaya ba.

Daga nan ɗan Kawu ya raka ni wajen Bulama, dan a ƙasar Haɗeja ta wannan ɓangaren haka ake kiran mai gari. Na cire takalmi, abin da ya rage na takalmin dai, na ce ranka ya daɗe ni jikan gidan wane ne, na zo duba Kawu, kuma ina da tambaya in ba za a ga rashin kunyata ba, mutum nawa ne a garin nan? Ya yi murmushi ya ce wa ya aiko ka? Na ce ba kowa. Ya ce to ai amsar ta danganta da wanda ya aiko ka.

Ya ce zamanin mahaifinsa akwai littafi, na haraji, duk namijin da ya isa biya sunansa na ciki, kuma a lokacin ɓoye mutane ake yi, in an ji malamin haraji zai zo sai a tura samari fadama su kwana biyu, Fulani su kora rabin shanu daji saboda jangali. Da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, lokacin nan duk jihar Kano ce dan sai 1991 aka yanke Jigawa, mutane suka yi murna, littafi kuma ya mutu. Ya ce yanzu abin ya juye, in an zo rabon gidan sauro ko taki ko tallafin ambaliya, gidan mutum shida sai ya zama sha biyu, har wanda ke Legas da wadda aka kai aure wani gari duk suna nan. Ya ce da gwamnati karɓa take zuwa yi muka zama kaɗan, yanzu da take zuwa bayarwa mun yi yawa, kai wanne kake so in ba ka?

Ƙidayar gwamnati ta ƙarshe ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ba Jigawa mutum miliyan 4.3 da ɗoriya, ƙaramar hukumar Guri kuma wajen 115,000. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki. Ma'ana yaron da ya ɗauko ni a babur, in ma an ƙirga shi, yana goye aka ƙirga shi, duk wanda bai kai shekara sha takwas ba a garin nan kuwa babu shi a takardar kowa, kuma su ne suka fi yawa, ko ina ka juya yara ne. Bulama ya ce a 2006 ɗin ma Maris ai tsakiyar rani ne, rabin mazan gari sun tafi cin rani, wasu sun dawo dan a shafa musu tawada a yatsa wasu ba su dawo ba. Waɗanda ya yaba wa su ne matan allurar shan inna, ya ce su kam suna shigowa ko da ruwa, su bi gida gida su yi rubutu da alli a jikin ƙofa, amma su ma yara 'yan ƙasa da shekara biyar suke nema, ba ruwansu da tsoho irinsa.

Na tambaye shi masu kangon nan ina suka tafi. Ya fara nuna min da sanda kamar yana ganinsu. Waɗannan gida huɗu bayan ambaliyar 2022, shekarar da samarin Haɗeja suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga dan kar ruwa ya ci garin, sun fita ba su dawo ba, suna bakin kwalta inda na hau babur. Wancan gonarsa kacala ta cinye ya koma wajen Gashuwa. Wancan matarsa ce ta rasu a jirgi kan hanyar asibiti tana naƙuda, ya rantse ba zai sake ajiye mace a bayan ruwa ba. A Jigawa akwai shirin Haihuwa Lafiya da ake ajiye mota dan kai masu naƙuda asibiti, kuma yana taimako a inda taya ke iya zuwa, amma nan kafin a kai ga motar sai an yi amalanke an yi jirgi. Samari kuma suna Legas da Abuja da Fatakwal, da yawa acaɓa suke yi, da aka hana a manyan unguwannin Legas a 2022 wasu sun dawo wasu sun ƙara gaba. Akwai kuma waɗanda suka ƙaru, masunta da suka yi shekaru a Doron Baga suka gudo bayan harin Boko Haram na 2015, su ne suka yi bukkoki a gefen gari.

Maganar da ta fi tsaya min ita ce da ya ce duk lokacin da suka je neman a yi musu hanya ko ɗakin shan magani ko a ƙara aji, tambayar farko ku nawa ne, in sun faɗa a ce kun yi kaɗan, akwai garuruwan da suka fi ku. Su kuma mutane suna tashi ne saboda babu hanyar. Ya ce shekara goma da suka wuce da an tambaya da mun isa, yanzu ba mu isa ba, shekara goma nan gaba ko tambayar ba za a yi ba. Ni a ganina gaskiya ya faɗa, kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Malam Madori da ke kusa da Haɗeja ai jirgin ƙasa ne ya raya ta, da Turawa suka ja layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930 saboda gyaɗa da fatu, inda duk aka ajiye tasha sai kanti ya biyo, 'yan kasuwa su biyo, gari ya tashi. Ba a tsaya an ƙirga mutanen wurin kafin a kai musu dogo ba, dogon ne ya tara su.

Da yamma na koma bakin ruwa dan in shirya da mai fito, saboda na riga na yanke cewa ba zan bar Kawu a haka ba, ƙafar ta fara ruwa. Cikin wasa na yi masa tambayar da na yi wa Bulama. Bai yi wata-wata ba ya fara, gidan wane mutum tara amma biyu suna Legas sai babbar salla, gidan wane sha ɗaya da jaririyar da aka haifa sati uku da suka wuce, gidan wane tsohuwa ce kaɗai da jikarta. Ya bi garin kaf daga gabas zuwa yamma yana lanƙwasa yatsu, ya san wanda ya fita bai dawo ba dan shi ya fitar da shi, ya san amaryar da aka kawo dan shi ya shigo da ita, gawa ma in za a kawo daga asibiti shi ne. Bai iya karatun boko ba. Jimillar da ya ba ni ta kwana a garin a daren nan ɗari uku da 'yan kai ce, ya ce in ruwa ya janye bayan an gama yankan shinkafa a cire kamar sittin, in salla ta zo a ƙara ɗari. Ban ga dalilin da zai sa ya ƙara ko ya rage ba, ba abin da zan raba.

Washegari ranar kasuwar garin bakin kwalta ce, ita ce ranar da motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta ke zuwa ɗaya gaɓar. Da Kawu ya ƙi, wai shi ba za a ɗauke shi kamar buhu ba, a bari ruwa ya janye. Inna ce ta shiga ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ban san me ta ce ba, ya fito ya ce a kawo masa babbar rigarsa. Aka shimfiɗa katifa a amalanken shanu muka tafi da shi bakin ruwa, samari huɗu suka ɗaga shi suka ratsa ruwan nan iya gwiwa suka sa shi a jirgi.

Abin da na gani a gaɓar nan da hantsi ya ba ni mamaki. Jiya da shekaranjiya wurin shiru kamar ba kowa a duniya, yau jirage sun fi goma suna fitowa daga kafofin kacala da ban ma lura akwai su ba, daga garuruwa da rugage da ba a hango su, buhunan sabuwar shinkafa, kwalayen bandar kifi, tabarmin kaba a naɗe, awaki an ɗaure ƙafafu, mata da ƙoren nono, ana Hausa ana Fulatanci ana Badanci ana Barbarci. Duk wannan jama'a a bayan ciyawa suke. Kuma duk buhun da ke wurin sai an biya masa amalanke, an biya jirgi, an biya masu ɗauka, an biya mota kafin ya ga kasuwa, shi ya sa dillalin da ya iya shigowa har gari yake saye yadda ya ga dama.

Kanta ɗaya ce, mutane sun fi ƙarfinta sau uku. Direban da ya ga Kawu bai ce komai ba ya sa aka gyara buhuna aka yi masa gado a kai, ni na maƙale a gefe ƙafa ɗaya a waje. Ta wata doguwar hanya ya zaga wadda babur bai bi da ni ba, mun kafe sau biyu, kowa ya sauka aka tura banda Kawu da wata mai ciki. Tun bakwai na safe muka bar gida, sai bayan la'asar muka shiga asibiti a Haɗeja, tafiyar da in da kwalta ba za ta kai awa ɗaya ba. Aka ba shi gado, aka ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, kuma an yi sa'a ƙafar ba ta kai ga yankewa ba. Na kwana a barandar asibitin na bar ɗansa da kuɗin magani, da safe na kamo hanyar Kano da silifas ɗin roba da na saya a bakin tasha.

Da na shiga gida Hajiya ba ta bari na zauna ba. Na ce mata jiki da sauƙi, yana asibiti, ya ce a gaishe ta. Ta yi hamdala, sai kuma ta gyara zama ta fara tambayata gida gida, ta faro daga gabas kamar yadda mai fito ya yi. Gidan liman na nan? Na ce suna nan. Gidan maƙera? Na ce sun koma bakin titi. Gidan su ƙawarta da suke zuwa ɗiban ruwa tare, mai tsamiya a ƙofa? Na ce tsamiyar dai na gani. Ta yi shiru, can ta ce to na bayan masallaci fa?